Muhawara: Hoton tauraron ɗan'adam ya isa a ware dajin da za a kare?

Baban Khalifa: Jama'a, idan ana neman dajin da ya sake tsirowa a kudancin Kano don a kare shi, hoton sama ya wadatar. Na tauraron Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10 ne a ƙasa. A jera hotunan shekara biyar, duk inda kore ke ƙaruwa a ja masa layi. Shiga daji ɓarnar kuɗi ce, ga sha'anin tsaro a Falgore.

Maman Ummi: Malam, hoton wane wata? A Agusta ciyawa da dawa duk kore suke. Ko ka ɗauki na Fabrairu, darbejiya da turaren da aka dasa za su fi kowa kore, alhali ba su ake nema ba. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganyensa, sai ka ɗauka fako ne.

Ɗan Fagge: Hoto ya nuna inda za a je, ƙafa ta yanke hukunci. A yanki fili mita 20 da 50, a auna kaurin kowace bishiya a tsayin mita 1.3, wadda ta kai santimita 10 a rubuta sunanta. Ƙananan kuma a raba su biyu, tohon kututture da tsiron iri. Inda sabara da kalgo suka cika, tsohuwar saura ce. Inda aka ga ’ya’yan kirya, marke, doka da maɗobiya, ga iyayensu a kusa suna zubar da iri, nan ne wurin. Maɗobiya tun 2017 take cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar duniya da ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda yadda aka sare ta ana fitarwa waje.

Baban Khalifa: Ashe kun raina tohon kututture? Da shi manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 tun shekarun 1980.

Ɗan Fagge: Yallaɓai, wannan itatuwan gona ne, mai gona ke sassabe musu yana amfana. Ranar da aka ce na hukuma ne, ranar zai sa gatari.

Maman Ummi: Kuma daraja ba ta tsaya a irin bishiya ba. Kurmin bakin rafukan da ke zuba a Kogin Kano shi ke rage yashin da ke cike Dam ɗin Tiga, ko da ƙananan itatuwa ne. A kuma tambayi ardo inda burtali ya bi kafin a ja layi, in ba haka ba shanu za su cinye tohon cikin rani ɗaya. Gobarar Maris ma haka, ba ta barin tsiron da bai kai ƙugu ba. Sai an share hanyar wuta, an yi ƙuna da wuri a Nuwamba.

Baban Khalifa: Na yarda a je, Hajiya, amma ba ko'ina ba. Hoton rani ya tace wurare goma, ku auna uku.

Ɗan Fagge: Uku sun yi kaɗan. Kowane wuri na son fili biyar aƙalla, biyu a bakin rafi.