Waken suya: me ya sa wani buhu ke ba da awara mai auki, wani kuma ta fito ruwa-ruwa?

Uwar Ƙungiya, Birni

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata masu awara ce a nan Damagaram. Muna sayen waken suya buhu-buhu a kasuwar Dole, galibi wanda ake shigo da shi daga Najeriya. Hannu ɗaya ke aikin, ruwan tsami ɗaya, injin markaɗe ɗaya, amma wani buhun tiya guda sai ta cika faranti da awara mai tauri, wani kuma ta fito kaɗan, tana dagargajewa cikin mai. A wasu buhunan akwai ƙwayoyi kore-kore, da masu tamoji, da waɗanda ko sun kwana a ruwa ba sa kumbura, kamar tsakuwa. Irin ne ya bambanta, ko ƙasar da aka noma shi? Ina tambaya ne kuma don mazajen wasu daga cikinmu na da gonaki wajen Magariya da Matamai, suna son su gwada noma mana shi bana.

Malamin Gona, Magariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun ne, amma kowanne da iyakar aikinsa.

Busasshiyar ƙwayar waken suya kusan kashi 40 cikin 100 furotin ce, kusan kashi 20 mai, sauran sukari ne da dusa da gishirin ƙasa. Awara furotin ce da aka daskarar tare da man da ta riƙo, don haka furotin ɗin ne jarinku. Furotin da mai kuwa kamar kishiyoyi suke a cikin ƙwaya: in mai ya hau da kashi 1, furotin kan sauka da kusan kashi 2. Irin da aka zaɓa don masu matsar mai ba lallai ya yi wa mai awara daɗi ba. Haka kuma irin da ya fi cika buhu a gona sau da yawa furotin ɗinsa kan ɗan yi ƙasa.

Abin da iri ke yankewa shi ne launin cibiyar ƙwaya (baƙi, ruwan ƙasa ko fari), girman da za ta iya kaiwa, kwanakin nuna, saurin fashewar kwanso, da iyakar furotin da man da za ta iya tarawa. Waken suya da kansa yake barbarar kansa, cuɗanya da gonar maƙwabci ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. To in kin ɗebi tafi guda kika ga cibiya kala biyu ko uku, a kasuwa aka gauraya iri, ba a gona ba.

Sauran aikin na yanayi ne, kuma kusan duk a makonni huɗu zuwa biyar da ƙwaya ke cika kwanso yake faruwa. In ruwa ya ɗauke a wannan lokaci, ganye ya bushe da wuri, ƙwaya ta tsaya ƙarama. A awo za a ga kason furotin ɗinta ya ɗan hau, mai ya sauka, amma kada wannan ya ruɗi kowa: ƙaramar ƙwaya ɓawonta ya fi yawa a kan cikinta, dusa ce za ta cika matata. Zafi ma haka. Mai yana ƙaruwa har matsakaicin zafin yini ya kai wajen digiri 28, daga nan sai ya fara raguwa. In zafi ya yi tsanani ga fari, shi ke kawo tamojin da kike gani. Koren kuwa alama ce ta cewa shukar ta mutu, ko an tuge ta, kafin ƙwaya ta gama nuna, koren ganyen da ke cikinta bai samu ya baje ba. Masu tauri kamar tsakuwa ɓawonsu ne ya rufe ruf, ruwa ba ya ratsa shi. Wasu iri sun fi yin haka, kuma fari da zafi a ƙarshen damina na ƙara yawansu.

Ko a tushe ɗaya ma ba daidai suke ba: kwanson sama ya fi furotin, na ƙasa ya fi mai.

Mai Injin Matsa, Zango

Hajiya, kore ɗin nan ku guje shi ko da araha. Mu a wajen matsa yana ba da mai mai duhun kore da ke saurin yin ɗaci, kuma ƙwayar da ba ta nuna ba madararta ma ba ta kauri. Masu ɗigon shunayya a ɓawo cutar fumfuna ce da ke kama kwanso in ruwa ya yi yawa gab da girbi. Masu lotsawa da baƙin tabo kuma ƙwaron da ke tsotsar kwanso ne ya huda su.

Ga masu son nomawa, ni a ganina tunda furotin daga azot yake fitowa, wato sinadarin da ke cikin takin ure, a zuba ure sosai kamar yadda ake yi wa masara. Malam zai gyara mini in na yi kuskure.

Ma'aikaciyar Awon Abinci, Sabon Gari

Yaya, bari in ɗora daga inda Malam ya tsaya, domin akwai abu na uku da ya kan fi damun masu awara: ajiya.

Da farko ga lissafi. Tiya kusan kilo 2 da rabi ce. A ce wani wake furotin ɗinsa kashi 35 ne yadda yake a buhu, wani kashi 31. Na farko gram 875 ke nan, na biyu gram 775. In kusan kashi 70 cikin 100 na furotin ke isa cikin awara, wannan gram 100 ya kai kusan rabin kilo na awara mai tauri a kowace tiya. Ido ba zai gane bambancin a buhu ba, faranti ne zai faɗa miki.

Sannan furotin ɗin ba iri ɗaya ba ne. Manyansa biyu ne, ana kiran su 11S da 7S. Na farkon ke ba awara tauri, na biyun laushi yake bayarwa. Yawan kowanne gado ne na iri, amma ƙasar da ba ta da isasshiyar farar wuta takan rage na farkon, domin shi ya fi buƙatarta. Shi ya sa buhu biyu za su iya zama daidai a furotin, ɗaya ya yanku da wuƙa, ɗaya ya dagargaje.

Ajiya ba ta ƙara komi, sai dai ta rage. Waken da ya yi watanni cikin zafi da laima, ɓawonsa kan yi duhu, mansa ya fara tsami, furotin ɗinsa ya ƙi narkewa cikin ruwa. Yana nan a ƙwayar, amma dusa zai bi, awaki su ci. Wannan ne ya sa waken da ake saye tsakiyar damina, wanda ya kwana tun kakar bara, ba ya kai na Disamba auki. A ajiye shi da danshin da bai wuce kashi 12 ba, a kan katako, nesa da bango da kwanon rufi.

Kafin ku biya kuɗin buhu, ku karɓi rabin tiya daga tsakiyarsa, kada a ba ku na baki. Ku ƙirga ƙwaya 100, ku ware kore da masu tamoji da fasassu. Ku auna gram 200, ku jiƙa awa 6 zuwa 8, ku tsane, ku sake aunawa. Wake mai kyau zai ninka nauyinsa biyu ko ya ɗan fi, wato gram 400 zuwa 460. Ku ɓare ƙwaya ɗaya: in cikinta ya miƙe sumul, launi ɗaya, ta jiƙu, in akwai lotsawa mai duhu a tsakiya, da saura. Waɗanda suka ƙi kumbura a tsince su kafin a kai inji.

Wasu kurakuran kuma na hannu ne, sai a ɗora wa wake. A bazarar Damagaram in aka bar shi ya kwana a ruwa zai yi tsami, furotin ya fara kamawa tun kafin tata, ya maƙale a dusa. Da sanyin hunturu kuwa yana buƙatar awa 10 zuwa 12. Ruwan markaɗe da tata gaba ɗaya ya zama lita 8 zuwa 10 ga kilo guda na busasshen wake. Gafin da ake ji yana tasowa ne da zarar an markaɗa wake da ruwan sanyi, kuma sinadarin da ke kawo shi sai zafi ya haura digiri 80 yake mutuwa, don haka daga inji a wuce murhu, kada ƙullu ya zauna a rana yana jira. Madara ta tafasa sosai na minti 5 zuwa 10. Wannan ne ke kashe abin da ke hana ciki narkar da furotin. A sauke, a bari ta huce kaɗan zuwa digiri 70 ko 80, sannan a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali. In ruwan da ya taso saman tukunya ya koma garau, ɗan rawaya-rawaya, a tsaya. In fari ne kamar madara, tsami bai isa ba. In ya yi yawa, awara za ta yi tsaki-tsaki, ta yi ƙanƙanta. Kuma kada kanwa ta kusanci ruwan jiƙo, tana kashe ƙarfin tsami.

Uwar Ƙungiya, Birni

Allah ya saka da alheri, ƙanwata. Gwajin jiƙon nan za mu fara shi da buhu na gaba. Malam, saura maganar noma: wane iri, kuma maganar ure da Alhaji ya kawo fa?

Malamin Gona, Magariya

Alhaji ya yi daidai cewa furotin daga azot yake, amma ure mai yawa ɓarna zai yi. Waken suya yana samun mafi yawan azot ɗinsa daga iska, ta hanyar ƙululun da ke fitowa a saiwarsa. In ya tarar da azot a banza cikin ƙasa sai ya ƙi yin ƙululun, ganye ya yi kore shar a farko, sannan lokacin cika kwanso, da buƙata ta fi yawa, taki ya riga ya zurare cikin rairayi, ba ƙululun da za su karɓi aiki. Abin da ƙasarmu ta fi rasawa shi ne fosfor. A sa takin supa, wato SSP, kilo 150 zuwa 200 a hekta lokacin shuka, a gefen rami, kada ya taɓa iri. Supa na ɗauke da farar wuta kusan kashi 11 zuwa 12 cikin 100, ga maganin abin da ƙanwarmu ta faɗa game da taurin awara. Ruɓaɓɓen takin gida ma yana taimaka wa jigawa ta riƙe ruwa.

Irin da suka dace da yankinmu su ne na TGx da IITA, cibiyar binciken noma da ke Ibadan, ta fitar. An ƙirƙiro su ne don su iya yin ƙululu da bakteriyar da ke cikin ƙasar noma ta Afirka tun asali. Duk da haka gonar da ba a taɓa shuka waken suya a cikinta ba tana amfana da garin rizobiyum, wato bakteriyar da ke sa ƙululun, da ake shafa wa iri, irin su NoduMax: kusan gram 10 ga kilo guda, a ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro don garin ya manne, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Bayan mako biyar ko shida a haƙo tushe da hauya, kada a fizge, a tsaga ƙululun da farce. Ja ko ruwan hoda a ciki, suna aiki. Fari ko kore, ba sa yi.

Kwanakin nuna su ne babbar magana. TGx 1448-2E iri ne mai kyau, kwansonsa ba ya saurin fashewa, amma yana son kwana 115 zuwa 120. In aka shuka shi farkon Yuli, zai kai cikawa a Oktoba, ruwa ya ɗauke, zafin bayan damina ya dawo, a girbe kore da tamojin da kuke gudu. TGx 1835-10E kusan kwana 90 yake yi, shi ya fi kusa da daminar Magariya da Matamai. Waken suya na buƙatar ruwa milimita 450 zuwa 700 a rayuwarsa, don haka ko a can kudu a zaɓi ƙasa mai ɗan laka wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, a bar tsantsar jigawa wa gero da wake. Arewacin Damagaram kuwa ban ba da shawara ba sai da ban-ruwa. Kafin a saya a tuntuɓi ma'aikatan gona ko na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a ji irin da ke hannu, kuma shekarar farko kada a wuce kwata na hekta.

Kada a shuka waken kasuwa. Ran waken suya gajere ne a ƙasar zafi, ƙwaya kan yi kyau a ido alhali ta mutu. Don gwada iri, a shuka ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen rairayi, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana 7. In ba su kai 80 ba, a nemi wani. Ana shuka bayan ruwa ya zauna, zurfin santimita 3 zuwa 4, layi da layi santimita 50, tushe da tushe 5 zuwa 10, iri kilo 50 zuwa 70 a hekta. Shuka mai kauri na rufe ƙasa da wuri ta rage ƙuna.

A yanke in kwanso kusan 9 cikin 10 sun koma ruwan ƙasa, suna kacau-kacau in an girgiza, da safe kafin rana ta yi zafi. A shanya a kan tamfal kwana uku zuwa biyar. In aka bar shi har iskar hunturu ta busar da shi, danshinsa ya yi ƙasa da kashi 10, sanda za ta fasa ƙwaya biyu wajen bugu, fasasshiyar kuma ita ke fara tsami a buhu. Wanda za a ajiye don iri a buga shi a hankali, a ƙara shanya shi bayan bugu, a zuba a jarka ko buhu mai leda a ɗaure bakin, a sa a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.