Shawarwarin da na tattaro kan yin taro a Hilton ta Abuja

Jiya mun sha hira da 'yan kwamitinmu kan inda za mu kai taron shekara, yawanci dai Transcorp Hilton ta Maitama suka nuna. Wani dattijo har yanzu Nicon Noga yake ce mata, sunanta kenan da aka buɗe ta a 1987, a nan ma aka yi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a 2014.

Shawararsu ita ce a kama hol da wuri, wata biyu ko uku, kar a bari sai ƙarshen shekara lokacin da kowa ke rububi, kuma komai a rubuce, lasifika ne, shayi ne, abincin rana ne, a san me kuɗin ya ƙunsa. Baƙi kuwa a sauke su a Wuse, ya fi sauƙi wallahi. Ranar Juma'a a tashi kafin ƙarfe 1 saboda masallaci.