PHP ko Django, da wanne zan fara?

Sadiq: Salam 'yan uwa. Zangon nan an sa mana kwas ɗin haɗa shafi da rumbun bayanai, lakcara ya ce kowa ya zaɓi abin da zai yi furojet da shi. PHP zan kama ko Django? Laftof ɗina ram 4 ne kawai

Ummi: PHP mana. Sauke manhajar XAMPP, sabar Apache da rumbun bayanai na MariaDB da phpMyAdmin na duba rumbun duk suna ciki, daga nan ba ruwanka da datar intanet

Bashir: Django ya fi wallahi, da yaren Python yake aiki, rumbun bayanai na SQLite kuma yana zuwa tare da Python, ba sai ka kunna komai ba

Ummi: Sai ya fara koyon Python kuma? A sati nawa?

Yaya Nura: Ƙanina kowanne ka ɗauka, don Allah kar ka yi abin da na yi. Wani tsohon bidiyo na bi a YouTube ina kwafa layi-layi, kwana uku ina fama da mysql_connect, umarnin haɗa PHP da rumbun bayanai, yana ƙin aiki, ashe tun PHP 7 da ta fito a 2015 aka cire shi. Na koma mysqli amma ban canza hali ba, duk abin da mutum ya rubuta a fom haka nake liƙa shi kai tsaye cikin SQL, wato umarnin da ake aika wa rumbun. Ranar difens malamin da ya zo daga waje ko sannu bai ce ba, ya jawo laftof ɗin ya rubuta ' OR '1'='1 a gurbin kalmar sirri sai ga shi ya shige a matsayin admin a gaban kowa, ya buɗe tebur kuma ga kalmomin sirrin mutane tsirara. Aikin wata huɗu fa, har yau abin na min ciwo. Ka koyi PDO, hanyar haɗa PHP da rumbun, da prepare ɗinta mai hana irin wannan kutsen tun ranar farko, kalmar sirri kuma ka ɓoye ta da password_hash, ba tsohuwar hanyar MD5 ba.

Sadiq: Innalillahi. Na gode Yaya

Hafsat: Tunda ana maganar, ni sunaye masu ƙ da ɗ alamar tambaya suke komawa in na adana, Ɗanladi ya zama ?anladi

Yaya Nura: Mayar da tsarin haruffan teburin utf8mb4, ki sa shi a layin haɗin PDO ɗin ma. Waɗanda suka riga suka lalace sai kin sake shigar da su

Bashir: Ka ga Django da kanta take tare maka wancan kutsen da aka yi wa Yaya Nura

Ummi: Shi ya sa kuka gama kwas ba ku iya rubuta JOIN na haɗa tebura a SQL da hannu ba

Bashir: Haba Ummi, wa ya gyara miki fom ɗinki bara?

Auwal: Nawa rumbun na MySQL ma ya ƙi tashi tun da aka ɗauke wuta jiya ina tsakiyar aiki, batirin ya mutu dama

Hafsat: Kwafe fodar data ka ajiye gefe kafin ka taɓa komai

Auwal: To. Akwai mai cajar HP a hostel?