Murar mutane a garken aladu: abin da muka gani a bakin aiki

Likitan dabbobi, Yamai: Assalamu alaikum, ƴan'uwa ma'aikata. Ko da yake kiwon alade kaɗan ne a Nijar, aiki yana kai mu wurin masu yin sa a bayan gari. A hunturun da ya wuce an kira ni wani garke inda aladu suka ƙi cin dusa, suka kwanta a kan juna suna tari, majina na zuba. Da na yi tambaya, sai na tarar yaron da ke ba su abinci ya riga su kamuwa da mura. Ko akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Yamai: Likita, abin da ka gani ba baƙo ba ne, domin mutum ya fi shafa wa alade mura fiye da yadda alade yake shafa wa mutum. Ƙwayar murar mutane mai suna H1N1 da ta ɓulla a Meziko a 2009 har yanzu muna ganinta a samfuran majinyata lokacin sanyi, kuma an same ta a aladun Najeriya da Kamaru. Abin da ya fi damuna shi ne, ana yanka alade da ƙuruciya, kullum ana haifar sababbi marasa garkuwar jiki, saboda haka ƙwayar takan zauna a garke shekaru tana sauyawa ta tata hanya. Jikokin wata ƙwayar murar mutane, H3N2 ta 1968, suna nan a aladun Turai da Amurka.

Tsohon malamin dabbobi, Tawa: Hajiya ta yi gaskiya. Ina cikin aiki lokacin da murar tsuntsaye ta shiga Magarya a 2006, kuma tun daga nan ba na son ganin kaji da agwagi suna shan ruwa a kwamin aladu. Alade yana ɗaukar murar mutum da ta tsuntsu, ƙwayar mura kuwa gutsure 8 na ƙwayoyin halitta gare ta, idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya sai su yi musayar gutsuren.

Likitan dabbobi, Yamai: Na gode, Baba. Kaji kam suna nan a wannan garken, kuma mai shi ya yarda ya killace su. Da na ce ma'aikaci mai mura ya zauna gida, ko ya sa takunkumi, sai ya yi dariya, ya ce ai shi tsoronsa kada aladun su shafa wa yaron.