Kangon gado a cikin birnin Kano: a gyara ko a sayar haka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gidan gado ne, ginin ƙasa da aka yi wa filasta, ƙafa 50 a 50, ya daɗe ba kowa. Rufi na yoyo, bango ɗaya ya tsage. Mu gyara kafin mu kai wa dillalai, ko mu sayar yadda yake?

Magini: Wa alaikumus salam. Fara da tsagar nan. In daga ƙasa ta taso a karkace, fandisho ne ya zauna, liƙa siminti ɓarnar kuɗi ne. Ƙwanƙwasa bangon: in ya amsa kamar ganga, filastar ta rabu da ƙasa, laima na ciki. Sannan soka wuƙa a azara, in ta nutse, gara ta gama aiki. Biyu cikin ukun nan suka tabbata, to fili kuke sayarwa, kuma mai saye zai cire kuɗin rusau da na tifa. Ku sare ciyawa, ku kwashe shara, ku rufe bakin rijiya da tsohon masai, ku sa sabon kwaɗo. Fenti kam a'a. A gama kafin ruwan Agusta, kada bangon ya faɗa wa maƙwabta.

Dillali: Malam, takarda ce ke ɗaga farashin kango. In akwai C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, a je KANGIS, ofishin rajistar filaye na jihar Kano, a duba sunan da ke kai da bashin harajin ƙasa, domin dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallaka ke canja hannu. In babu, a nemo takardar cinikin asali, mai unguwa da maƙwabta su tabbatar da iyaka. A duba bashin wuta ma, yakan taru ko ba kowa a gidan. Ku tsayar da dillali ɗaya, a rubuta la'ada tun farko. In kuka raba wa biyar, kowa zai ɗora nasa a sama, masu saye su ji farashi biyar su gudu.

Wani ɗan'uwa: Ƙari kaɗan, Alhaji. Kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke nesa, ko a karɓo takardar rabon gado daga kotu. In ɗaya ya sayar da kasonsa kafin a raba, sauran na da haƙƙin shufu'a, suna iya biyan mai sayen kuɗinsa su karɓe.