Turancin tsofaffin Yorkshire ya sha mini kai, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 4 ke nan da na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Bradford, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila. Da Turanci na yi duk karatuna a gida, na kuma ci jarrabawar harshe kafin in taso, amma wallahi rabin maganar tsofaffin nan wuce ni take yi. Makon jiya wata tsohuwa ta ce da ni "I'm starved". Na ruga na kawo shayi da biskit, ta ture, jikinta sai ɓari yake. Sai da abokiyar aikina ta lulluɓa mata bargo na gane sanyi take ji. Ranar ban runtsa ba, don amana ce a hannuna. Kuma ina jin nauyin yawan tambaya, kada a ce ban iya aiki ba. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya daga Sheffield:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, duk mun bi ta nan. Fara riƙe waɗanda suka shafi lafiya. In tsoho ya ce yana "badly", ba shi da lafiya ke nan. "Nesh" mutum ne mai saurin jin sanyi. "Nowt" babu komai, "owt" wani abu ko mene ne. In kika ji "spend a penny", bayi yake son zuwa, kada ki tsaya. "Dinner" a bakinsu abincin rana ne, na yamma kuma "tea". Wannan ki kula da shi sosai, don in aka ce a ba da magani bayan "tea", ba bayan kofin shayi ake nufi ba. Haka "while", a nan tana nufin "har zuwa": "two while four" daga ƙarfe 2 ne zuwa 4. A kan magani dai kada ki taɓa yin ƙiyasi, ki sa a maimaita, ki duba abin da ke rubuce.

Wani malami daga Leeds:
'Yar uwa, abin da nake so ki riƙe shi ne wannan ba gurɓataccen Turanci ba ne, tsohon Turanci ne da ya yi saura a bakin mutanen arewacin Ingila. Asalin "starve" a tsohon harshen mutuwa take nufi, kowace iri. Daga baya yawancin mutane suka keɓe ta ga yunwa, 'yan arewa suka riƙe ta ga sanyi ma. Wasu kalmomin kuma baƙi ne suka kawo su. A shekarar 866 mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai, suka ci birnin York suka zauna a yankin, daga harshensu aka sami "laik", wato wasa, da "beck", ƙaramin rafi. Kin san yadda Basakkwace ke cewa "ɗiya" inda Bakano ke cewa "'ya", kuma ba wanda zai ce Hausarsa ta karye? To haka ne.

Akwai ƙamus na kare-karen Turanci na Joseph Wright, juzu'i 6, wanda ya fito tsakanin 1898 da 1905, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Shi kansa ɗan wajen Bradford ne, tun yana ƙaramin yaro yake aiki a masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 15, amma ya zama farfesa a Oxford. Jami'ar Leeds ma ta aika mutane garuruwa 313 daga 1950 zuwa 1961 suna ɗaukar maganar tsofaffin karkara. Ki nemi muryoyin ki saurara, kunne ya fi ido saurin sabo.

Wani ɗan uwa daga Newcastle:
Mu nan "bairn" yaro ne, "gan hyem" kuwa tafiya gida. Na lura masu ciwon mantuwa sun fi komawa maganar ƙuruciyarsu, don haka a wurinsu za ki fi jin irin waɗannan.

Wata Hajiya daga Manchester:
'Yata, ki ajiye kunyar nan. Ki sayi ɗan littafi ki sa a aljihu, duk kalmar da ta shige miki duhu ki tambayi mai ita da ladabi. Tsoho ko na ina ne yana son a tambaye shi abin da ya sani. Amma ki ji kawai, kada ki mayar musu da "thee" ko "tha", wato "kai" ko "ke". Babba ke faɗa wa yaro, ko aboki ga aboki, wasunsu raini suke ɗaukarsa daga bakin na ƙasa da su.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya, na sayi littafin. Yau na tambayi tsohuwar ma'anar "ginnel", ta ce lungu ne tsakanin gidaje, ta kuma kwashe kusan rabin awa tana ba ni labarin wanda suke wasa a ciki da ƙannenta. Malam, "mardy" fa? Yau sau 2 na ji ta a bakin wani dattijo.

Malamin Leeds:
Mai saurin fushi da kumbure-kumbure, irin na yaron da aka shagwaɓa.