Kalmar "dump": shara ce kawai, ko da sauran magana?

Ɗaliba, Garwa:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Mu da muka yi boko da Faransanci, abin da aka koya mana a ajin Turanci shi ne "dump" zubar da shara ne. To ga shi a takardar kwangilar gini na ga "dump truck", masu gyaran waya suna cewa "dump file", a labarin kasuwa kuma ana ta "dumping". Duk shara ake nufi? Yaya zan sa su da Hausa ban yi kwaɓa ba?

Malamin Turanci, Marwa:

Wa alaikumus salam 'yata. Cire shara daga ranki tukuna. Gindin kalmar shi ne a sauke abu gaba ɗaya, lokaci guda, ba lallaɓawa. Hausarta mafi kusa ita ce jibgewa ko juyewa. Shara ta shigo ne don ita aka fi yi wa haka.

Idan kalmar aiki ce, dubi abin da ya biyo bayanta. Shara ce, ki ce zubarwa. Kaya ne, jibgewa. Mutum ne, kamar saurayi da budurwa, to an yi watsi da shi ke nan, rabuwar da babu mutunci a cikinta. Idan suna ce, yawanci juji ake nufi, har gida mai ƙazanta sukan kira shi haka don raini.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne "ammunition dump". Wannan ma'ajiyar harsasai ce ta soja, kayan da ake tsaro dare da rana. Wanda ya ce jujin harsasai ya juya maganar. "Down in the dumps" kuma mutum ne ransa a jagule. Akwai "take a dump", wato bayan gida, amma bakin 'yan tasha ne, kada ki faɗe shi gaban manya.

Direban tifa, Ngawundare:

Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ƙanwata, "dump truck" ita ce tifa, wadda a nan muke ce wa "benne" da Faransanci. Amurkawa ne ke cewa haka, Ingilawa "tipper" suke cewa, daga nan muka samo tifa. Yashi, tsakuwa da jar ƙasa take ɗauka. Idan kwangila ta ce a yi "dump" a wuri kaza, a rubuta juye kaya, domin kayan kuɗi ne. Kuma akan faɗi wurin ne saboda dalili: idan ƙasa ba ta daidaita ba, ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ta manne a gefe ɗaya na bodi, da an ɗaga sama nauyi ya karkata, sai mota ta kife.

Mai gyaran waya, Kusiri:

A wajenmu ma'anar ta ma fi nisa da shara. "Dump" shi ne kwafin duk abin da ke cikin ma'ajiyar waya, wato eMMC, daga farko har ƙarshe, a fayil. Ana karanto shi daga lafiyayyar waya da akwatin aiki, wato na'urar da muke haɗawa da kwamfuta, ko dai a cire guntun eMMC ɗin ko a jona siraran wayoyi a kan allo. Akan sami boot1, boot2, ext_csd da babban ɓangaren da manhaja take. Sai a rubuta wa wayar da ta mutu.

Abu biyu ke ɓata aikin. Idan samfurin allo ko processor bai zo ɗaya ba, waya ba za ta ƙara tashi ba. Na biyu, in ba a ajiye ɓangaren da ke riƙe da IMEI (lambar shaidar waya) na mai waya ba kafin a rubuta, za ta kunnu amma babu sabis. A kwamfuta ma, idan Windows ta faɗi ta nuna shuɗin allo, tana barin irin wannan fayil mai ƙarewa da .dmp don a gano abin da ya kayar da ita. Ki fassara shi da cikakken kwafi.

Wakilin fiton kaya, Njamena:

'Yar uwa, "dumping" na kasuwa ko a takardun Faransanci haka ake barinsa. Mutane suna ɗauka duk kaya mai araha ne, alhali yana da ma'auni. Kamfani ne zai sayar da kaya a ƙasar waje ƙasa da farashin da yake sayarwa a gida. Misali katan yana sefa 10,000 a ƙasarsu, a nan ya sake shi 7,000. Ratar 3,000 ɗin ita ake aunawa. A ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kafin a ɗora harajin kariya sai an yi bincike an nuna kayan sun cutar da masana'antar gida ta ƙasar da aka kai su. Ratar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 na farashin fitarwa ba, ba a kula ta, harajin kuma shekara 5 yake yi sai in an sake dubawa. Da Hausa ki ce karya farashi don kashe kasuwar gida.

A kula kada a haɗa shi da "toxic dumping". Wannan jibge guba ne na gaske, irin wanda aka kawo daga Italiya aka ajiye a garin Koko na Najeriya, asiri ya tonu a 1988. Irinsa ne ya sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba nahiyar.

Ɗaliba, Garwa:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Malam, saura ɗaya: na ga an ce jirgin sama ya yi "fuel dump".

Malamin Turanci, Marwa:

Amin 'yata. Nan zubarwa ce sosai. Babban jirgi yakan tashi da nauyin da ya fi wanda zai iya sauka da shi, to idan matsala ta sa dole ya dawo da wuri, sai ya zubar da mai a sama ta bututun da ke fikafikansa. Ba kowane jirgi ke da wannan ba. Marasa shi sukan yi ta kewaya har man ya ragu.